Yadda Ake Gyara Kurakuran if, elif da else a Python

Idan Python ta ƙi gudanar da shirinka, kada ka hau goge-goge. Fara karanta layin ƙarshe na saƙon da ta fitar, ka lura da lambar layin da ta ambata. Tun daga siga ta 3.10 da ta fito a 2021, saƙonnin suna faɗin matsalar ƙarara.

Da farko duba ruwa biyu. Kowane layin `if`, `elif` da `else` dole ya ƙare da alamar `:`. In ka manta, za ka ga `SyntaxError: expected ':'`.

Sai alamar daidai, wadda ta fi kowacce wahalar da sabon shiga. Guda ɗaya `=` ajiye ƙima take yi, guda biyu `==` ke kwatantawa. Wato `if maki = 50:` kuskure ne, daidai shi ne `if maki == 50:`. Python ma ta yi maka gata da take tsayar da kai. A harsunan C da JavaScript `if (maki = 50)` wucewa yake salin-alin, ya mayar da maki 50, sharaɗin kuma kullum ya zama gaskiya. Haka nan `>=` ake rubutawa, ba `=>` ba.

Daga nan ka duba tazarar farkon layi. Duk abin da ke ƙarƙashin sharaɗi sai an matsar da shi ciki, a al'ada da tazara (space) 4:

```
if maki >= 70:
    print("A")
elif maki >= 50:
    print("C")
else:
    print("F")
```

Rashin matsarwa na jawo `IndentationError`, cakuɗa Tab da tazara kuma `TabError`. Ido ba ya ganin bambancinsu, don haka ka saita editarka ta riƙa mayar da Tab tazara 4. Kalmomin `if`, `elif` da `else` su tsaya a sahu ɗaya.

Wanda ya taso da JavaScript yakan rubuta `else if`, `&&` ko `||`. Python `elif`, `and` da `or` ta sani. Kuma `else` ba ta ɗaukar sharaɗi.

Akwai kuskuren da ba ya fitar da saƙo ko kaɗan: `if rana == 6 or 7:`. Kullum gaskiya ne, domin Python na ɗaukar 7 ita kaɗai a matsayin gaskiya. Rubuta `if rana in (6, 7):`.

In layin da aka nuna maka lafiyarsa ƙalau, koma na samansa ka ƙirga baka, wato `(` da `)`, wataƙila ka buɗe ɗaya ba ka rufe ba.