Yadda ake gane boris ɗin kuloci ya lalace a tsohuwar Fijo, da yadda ake canja shi

Har yanzu idan ka bi hanyar Dukku ko ta Kumo ranar kasuwa za ka ci karo da Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo, tana tafe da lodi kamar ba ta san shekarunta ba. A 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, daga baya aka riƙa haɗa ta a Kaduna. Inji ne mai haƙuri, amma akwai wani ɗan boris da ke tsakanin inji da giyabos, wanda makanikai ke kira rilis berin. Shi ne ke danna murfin kuloci duk lokacin da ka taka, faifai ya saki, giya ta shiga. Kuɗinsa kaɗan ne. Isa gare shi ne aikin.

Saboda haka kada ka bari a kwance ko noti ɗaya sai ka gwada da ƙafa da kunne. Ka tayar da mota a wuri shiru, giya a firi, birkin hannu a ɗage. Ka taka kuloci a hankali. Idan ƙara ta taso daidai lokacin da ƙafarka ta fara jin nauyi, kamar kukan gyare ko gurzar dutsen niƙa, ka ɗage ƙafa ta ɗauke, to boris ɗin ne. Idan kuwa akasin haka ne, ƙara tana nan ƙafarka a sama, ka taka ta ɓace, matsalar tana cikin giyabos, a boris ɗin sandar da ke shiga kuloci. Akwai ta uku: ƙarar da ba ta fitowa sai ka taka har ƙasa ka sa giya mota na tsaye. Wannan galibi ɗan bushin da ke tsakiyar fulawil ne, wato babban faifan ƙarfen da ke bayan inji. Na taɓa ganin an sauke giyabos a wani gareji nan Gombe, aka sa sabon boris, aka mayar, ƙara na nan daram. Mai motar ya ce, "Oga, ai ba ta daina ba." Ogan ya ce a bari ta zauna. Ba ta zauna ba, don tun farko ba nan ciwon yake ba.

Abin da ya fi kashe shi shi ne ɗora ƙafa kan kuloci ana tafiya, da riƙe mota da rabin kuloci a cunkoson babbar kasuwa ko a hawa. Ƙurar hunturu da ruwan damina su ƙarasa busar da giris ɗin cikinsa.

Idan ka tabbatar, ka fara cire kan batir. A kan rami aikin ya fi daɗi. In babu, ka ɗaga motar ka tokare ta da ƙarafan tsayawa, ka sa duwatsu a tayoyi. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ka kwance kik, salansa, sandunan giya da wayar mita. Kulocin Fijo da man birki yake aiki, don haka ƙaramin famfon da ke jikin giyabos ka kwance shi ka rataye gefe da waya, ba sai ka cire bututunsa ba, kuma ka gargaɗi yaran gareji kada wani ya taka feda.

Nan Fijo ta bambanta da sauran motoci. Furofelarta, sandar da ke kai ƙarfi tayoyin baya, tana cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗe giyabos da aksul na baya, ba ta cirowa da noti huɗu a wuce wurin. Shi ya sa makanikai da yawa suka fi son zare injin ta gaba, su bar giyabos a tokare. Ko wanne ka zaɓa, zare inji ko sauke giyabos, ka raba su a miƙe, kada nauyi ya rataya kan sandar giyabos.

Boris ɗin yana zaune kan wani ɗan bututu, ƙarfe mai baki biyu yana riƙe da shi. Ka lura da yadda maƙalansa suke kafin ka zare. Ɗauki hoto da waya. Ka juya tsohon da yatsa: in yana gurza, yana kaɗawa, ko ya bushe yana gudu sakaka, ya gama. Ka goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, kada ka hura, don tsofaffin faifai na iya ƙunsar asbestos, ƙurarsa na cutar da huhu. Sabon boris da giris ɗinsa yake zuwa a rufe, kada a wanke shi da fetur. Ɗan giris kaɗan a bututun, da inda ƙarfen ke lilo, da haƙoran sanda. Kaɗan fa, don in ya yi yawa zai fantsama kan faifai mota ta riƙa silɓi.

Tunda an riga an buɗe, ni dai shawarata a duba komai. In yatsun murfi sun cinye inda boris ke taɓawa, ko faifai ya kusa kai ƙusoshinsa, a canja su tare. In ka ga baƙin mai a bayan fulawil, sil ɗin bayan inji na yoyo, a gyara yanzu. Wajen mayarwa, ka daidaita faifai a tsakiya da tsohuwar sandar giyabos, ka ɗaure notocin murfi kaɗan-kaɗan, wannan da wanda ke fuskantarsa ta ɗaya gefen, har su zauna. Idan inji da giyabos sun ƙi haɗuwa, kada ka jawo su da noti; ka ɗan juya inji, haƙora za su faɗa.

Ka mayar da sauran, ka duba man kuloci, ka tayar a firi ka taka sau da yawa kana saurare. Sannan ka gwada ribas da giya ɗaya kafin ka fita titi.