Yadda ake share ƙura daga jikin na'ura da iskar kwampresa

Iskar da ke fitowa da ƙarfi daga bakin tiyon kwampresa tana shiga lungunan da tsumma da buroshi ba sa kaiwa, kamar ramukan lagireto da cikin janareto da allon kayan lantarki, sai dai kyawun aikin ya fi dogara ga tsabtar iskar fiye da ƙarfinta.

Da farko a kashe na'urar da za a share, a cire ta daga wuta. Sannan a buɗe famfon da ke ƙasan tankin kwampresa a zubar da ruwan da ya taru, domin iskar da aka matse tana barin danshinta a cikin tanki idan ta huce, kuma in babu matata a kan tiyo, ruwan nan da ɗigon man inji za su fesu a kan abin da ake sharewa, su mayar da busasshiyar ƙura laka.

Kada a ƙure matsin. Dokar OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata a wurin aiki ta Amurka, ta ce iskar da ake shara da ita kada matsinta ya kai psi 30 (psi ma'aunin matsin iska ne) idan bakin tiyon ya toshe, saboda iska mai ƙarfi tana iya kutsawa ta rauni a fata ta shiga jini. A sa tabarau da takunkumi da abin toshe kunne.

A riƙe bakin tiyon a karkace yadda iskar za ta shafi saman abin ta tura ƙurar gefe guda, a riƙa fesawa ana tsagaitawa. Iskar da ke dab da jikin ƙarfe kusan ba ta motsi, a nan ne ƙura mafi laushi ke fakewa, kuma bugun farko na kowace fesa ya fi ɗaga ta. Duk fankar da ke wurin a tare ta da tsinke, don kada gudu ya lalata ta. Ƙurar birki da ta tsohon fenti mai dalma ba a hura su ko kaɗan. Injin zuƙa ko jiƙaƙƙen tsumma ne maganinsu.

Maiƙo da bakin mai sun fi ƙarfin iska zalla. Masana'antu kan haɗa ta da ƙwayoyin busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar kabon dayoksaid mai sanyin digiri 78.5 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, wadda ke sandarar da dattin ya tsage, ita kuma ta koma iska nan take. Wannan aikin sai a wuri mai wadatar iska, domin kabon dayoksaid yana taruwa ƙasa-ƙasa ya shaƙe mai aikin.