Yadda Ake Shuka Yakuwa a Tsakar Gida Don Ado da Zoɓo

Ana kashe kuɗi wajen masu sayar da furanni a bakin titi, a sayo dashen da ba ya kai bazara, alhali jar yakuwa ta fi da yawa daga cikinsu kyau. Karanta ja ne, furenta ruwan ɗorawa mai haske da jan ido a tsakiya, kuma ganye da 'ya'ya duk tukunya suke shiga.

A fara neman gurguzu, wato irinta, a tabbatar na ja ne, don akwai fara wadda aka fi yin miya da ita. Sai ruwa ya zauna, tsakanin Yuni da Yuli, a zaɓi inda rana ke bugawa sosai. Yakuwa tana son jigawa, ba ta shiri da wurin da ruwa ke kwanciya. Idan gidan siminti ne, babban bokiti ya isa, a huda gindinsa, a cika da ƙasa da ruɓaɓɓen takin awaki. A jefa ƙwaya 3 a rami mai zurfin gaɓar yatsa, a bar kamar taku guda tsakanin ramuka.

Cikin mako za ta tsiro. In ta kai tsawon taƙi, a cire raunanan a bar ɗaya ko biyu, waɗanda aka cire kuma a zuba su a fate. Da ta kai gwiwa a tsinke kanta, nan ne take yin rassa ta cika wuri.

Daga nan sai haƙuri. Yakuwa ba ta fure sai yini ya fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba, kuma ƙara mata taki ganye kawai zai ƙara. Kowane fure yini guda yake yi, ya buɗe da safe ya yanƙwane kafin yamma. Bayan ya faɗi ne jan kwanson da ke riƙe da shi yake kumbura, shi ne zoɓorodon. A nan ake yawan kuskure: a cire shi bayan mako 2 zuwa 3, yana da kauri yana karyewa ƙaras. In aka bari ya tsufa sai ya yi zare. A yanka da almakashi, a fitar da ƙwallon da ke ciki, kuma a sa riga mai dogon hannu saboda ƙaiƙayi.

A shanya a kan tabarma mai tsabta, sama da ƙasa, har ya bushe ƙayau. Don Allah ban da shanyar gefen kwalta. Zoɓorodon da ke fita daga Jigawa ta kasuwar Maigatari har ƙasar Meziko yake kaiwa, tsabtarsa ce darajarsa, na gida ma ya cancanci haka.

Wajen haɗawa, a ɗauraye shi, a tafasa da citta da kanumfari da ɓawon abarba, a tace. A ganina gara a bar kanwa, tana kashe tsami amma tana mayar da launin baƙi-baƙi. Zoɓo na ɗan sauke hawan jini, don haka mai shan maganin ciwon da mai juna biyu su tambayi likita kafin su mayar da shi abin shan kullum.

A bar wasu ƙwallaye su bushe a jikin kara, a cire kafin su fashe. A ajiye gurguzun baɗi a kwalba mai murfi, sauran a dafa daddawar batso.