Darasi na 9: Idan kwamfutar ofis tana yawan mutuwa

A ofisoshi da shagunan buga takardu na Maraɗi, har yanzu akwai tsofaffin kwamfutoci masu Windows 7, wasu ma Windows XP. Kana tsakiyar aiki sai allo ya koma shuɗi, ko na'urar ta mutu ta sake tashi da kanta. Nan take wani zai ce a kai ta a goge komai a sake zuba Windows. Kada ka yi saurin yarda. Na sha ganin takardun shekaru sun salwanta ta haka, kuma ba a yi mako ba ciwon ya dawo.

Tun tana tashi, kwashe takardunka masu muhimmanci ka zuba a kile, wato ƴar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta. Sannan ka ajiye takarda da bik kusa da ita. Duk lokacin da ta mutu, rubuta ƙarfe nawa ne da aikin da ake yi. Kwana uku na wannan rubutu kan nuna inda ciwon yake.

Idan da safe lafiya lau take, sai rana ta take ta fara mutuwa, zafi ne. A Afrilu da Mayu zafin garinmu kan wuce digiri 40, ga kuma ƙurar hunturu da ta riga ta cika cikinta. Akwai ƴar fanka a ciki da ke sanyaya ƙwaƙwalwar na'urar. In ƙura ta toshe ta, kwamfuta kan kashe kanta don kada ta ƙone. Cire wayar kuran daga bango, buɗe murfin gefe, taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa komai a ciki. Riƙe fankar da yatsa, ka hure ƙurar da abin hura iska. Ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma kada su kusance ta. Ka ɗaga ta daga ƙasa, ka kuma cire mayafin da aka lulluɓe ta da shi muddin tana aiki.

Idan kuma tana mutuwa ne sa'ad da fitila ta yi ƙyafta, kuran ne. Maganinsa akwatin batir mai riƙe wuta na ƴan mintuna, wanda masu gyara ke kira ondilar.

Shuɗin allo ba tare da zafi ba sau da yawa daga sandar RAM yake, wato ɗan siririn faranti a cikin akwatin da ke riƙe aikin da ake yi na ɗan lokaci. A zare ta, a goge bakinta mai ruwan zinariya da abin goge fensir, a mayar har ta zauna daram. Amma in ka ji ƙas-ƙas daga faifan ajiya, kashe kwamfutar ka kira mai gyara, don faifan ya kusa mutuwa.

Sai bayan duk wannan za a zargi Windows. Kamfanin Microsoft ya daina aika gyaran tsaro ga XP a Afrilun 2014, ga Windows 7 kuma a Janairun 2020. Don haka kilen da ya zaga shaguna kan shigo mata da cuta cikin sauƙi. Raba irin wannan na'ura da intanet in aikinta bugun takarda ne kawai, kuma a ware mata kile ɗaya nata.

Aikin gida: duba kwamfutar wurin aikinku. Wane Windows ke cikinta, a ina aka ajiye ta, kuma yaushe rabon a hure mata ƙura? Rubuto amsa a layi uku ka zo da ita aji.