Yadda ake sauya ƙarshen labari idan za a mayar da littafi fim

Mai shirya fim a Yamai ko Tawa da ya ɗauko littafi yana son canza ƙarshensa, ya fara da marubuci. A zauna, a rubuta cikin takardar yarjejeniya cewa ya yarda a taɓa ƙarshen, a faɗi iyakar taɓawar: za a iya raya wanda ya mutu? Za a iya raba auren da ya ɗaura? A sa hannu, a nemi shawarar BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar. Yardar baki ba ta tsayawa ranar da fim ya fito, masu karatu suka fara ƙorafi.

Daga nan a sake karanta babin ƙarshe, a rubuta a layi ɗaya tambayar da yake amsawa. Sabon ƙarshe yana iya ba da amsa dabam, amma dole tambayar ta zama ita ce dai. Dalilin canjin ma a tantance shi. Idan littafin ya ƙare da tunani a zuciyar jaruma, kyamara ba ta ɗaukar zuci, sai a nemo aikin da ido zai gani. Wannan dalili ne mai ƙarfi. Tsoron kada 'yan kallo su tashi da ɓacin rai kuwa, shi kaɗai bai isa ba. Littafin da ya jingina da tarihi, irin Sarraounia na Abdoulaye Mamani da Med Hondo ya yi fim ɗinsa a 1986, ba a wasa da sakamakonsa, domin jikokin mutanen Lugu, garin Sarauniyar, suna nan.

Babban aikin yana nan: a bi senariyo, wato rubutaccen labarin fim ɗin, da baya, shafi bayan shafi. Shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne, to fim mai minti 90 ƙarshensa shafi 8 zuwa 10 ne, amma saiwarsa tana cikin sauran 80 ɗin. A sa jan biro a kan duk abin da ke nuni ga tsohon ƙarshe: tarin da tsoho ke yi, wasiƙar da aka ɓoye a ƙasan akwati, rantsuwar da uwa ta yi. Kowanne ko a cire shi ko a ba shi sabon amfani. Sannan a dasa alamar sabon ƙarshen aƙalla sau biyu, ɗaya kafin minti na 30. Fim ɗin I Am Legend na 2007 ya nuna illar tsallake wannan mataki. An yi ta nuna cewa mutanen da cuta ta mayar dodanni suna da wayo, har tarko suna ɗanawa, domin a littafin Richard Matheson jarumin ne ke gane cewa shi ne dodo a wurinsu. Sai ƙarshen da aka kai sinima ya sa ya tayar da gurneti, alamun suka tashi a banza.

Idan har ana shakka, a ɗauki ƙarshen biyu a rana ɗaya ko a jere. Kada a ce sai bayan montaj, wato haɗa hotunan da aka ɗauka. Lallen hannun jaruma yana kodewa cikin sati biyu, gemu yana tofowa, hasken hunturu mai hazo kuma ba ya haɗuwa da na damina komai gyaran launi.

Gwaji: rukuni biyu, mutum 15 zuwa 20 kowanne, rabinsu sun karanta littafin. Kowane rukuni ya ga fim ɗin tun daga farko da ƙarshe guda kawai. Kada a tambaye su ko ya yi kyau, kunya za ta sa su ce eh. A ce kowa ya ba da labarin abin da ya sami jaruma da dalilinsa. Wanda ya kasa kawo dalili ya nuna inda dashen ya gaza. Irin wannan gwaji ne ya raya Rambo: a littafin David Morrell na 1972 ya mutu, an ma ɗauki mutuwar, 'yan kallon gwaji suka ƙi ta, fim ɗin 1982 ya bar shi da rai.

Ƙarshe guda ake fitarwa. Ɗayan a ajiye shi sai fim ya gama zagayensa, sannan a sake shi da rubutu ƙarara cewa ba shi ne ƙarshen fim ɗin ba, domin guntun bidiyo da ya shiga WhatsApp tun da wuri yakan riga fim ɗin isa wurin mutane.