Yadda za ka zaga gidajen tarihi na Amsterdam a yini ɗaya

Da farko, tun kana masauki ka sayi tikitin gidan zane-zanen Van Gogh ta intanet, domin kowane tikiti da lokacin shigarsa. Zaɓi na rana.

Da safe ka hau taragon titi mai lamba 2 ko 12 daga babbar tashar jirgin ƙasa zuwa Museumplein, dandalin gidajen tarihi. Fara da Rijksmuseum, gidan tarihi na ƙasa, da ƙarfe 9, kafin jama'a su yi yawa. Ajiye jakarka a ma'ajiya, ka wuce kai tsaye wurin babban zanen Rembrandt na 1642, na 'yan sintirin gari. Tsaya ka dubi yarinyar nan mai riga ruwan zinariya da kaza rataye a ƙugunta. Mutane da yawa ba sa lura da ita.

In ka fito, kula da masu kekuna. Hanyarsu ta ratsa ta ƙarƙashin ginin, kuma ba sa jira.

Da rana ka shiga gidan Van Gogh da ke dandalin, daga nan ka nufi KattenKabinet a bakin mashigin ruwa na Herengracht, tsohon gidan da aka cika da zane-zanen kyanwa kaɗai. In da sauran ƙarfi a ƙafa, Micropia, inda ake kallon ƙananan halittun da ido ba ya gani da madubin ƙara girma, na kusa da gidan namun daji na Artis.