Darasi na Bakwai: Motar Daji da Yadda Ake Lallaɓa Ta

Inda kwalta ta ƙare, nan aikin motar daji yake farawa. Ita ce ke kai taki gona, ta kwaso buhunan masara, ta kai ma'aikatan rigakafi rugar da ko keke ba ya zuwa, ta fito da mai naƙuda cikin dare. A wajenmu an fi sanin Hilux da Land Cruiser, dukansu na kamfanin Toyota. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa "kat-kat" suke ce mata, wato huɗu-huɗu da Faransanci, saboda tana iya ja da ƙafafunta huɗu a lokaci guda. Yawancin ƙananan motoci da biyu suke ja.

Wannan darasi na direba ne, da yaron mota mai neman zama direba, da kuma mai motar da ke biyan kuɗin mai da na bakanike. Akwai 'yan haruffa da lambobi da za mu koya a ciki. Ba su da yawa, amma rashin saninsu ya sha cinye wa mutane kuɗin giyabos.

Kafin ka murɗa makulli

Da safe ka zagaya motar tukuna. Durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta. Abu biyu kake nema: ɗigon mai ko na ruwa a ƙasa, da kuma mai rai. A ƙauye akuya da kaji na son inuwar mota, yaro mai rarrafe ma haka.

Sai ka buɗe bonet. Zaro sandar awon baƙin mai, ka goge ta da tsumma, ka mayar, ka sake zarowa. Akwai alama biyu a bakinta. Mai ya tsaya tsakaninsu, kusa da ta sama. In ya gaza ta ƙasa, ƙara. In ya wuce ta sama, shi ma illa ce. Duba ruwan lagireto tun injin na sanyi, domin wanda ya buɗe murfin lagireto da zafi, fuskarsa ce za ta gaya masa. Duba man birki: a jikin ƙaramin tulunsa an rubuta MIN a ƙasa, MAX a sama. Danna fanbel da yatsa ka ji ko ya saki. Girgiza kan batir ka ji ko yana motsi. Duka wannan bai kai minti biyar ba.

Tayarwa

Sa giya a firi, ka taka kuloci. Murɗa makulli har fitilun gabanka su kama, sai ka dakata. In motar mai shan gas ce, za ka ga wata 'yar fitila mai kama da naɗaɗɗiyar waya. Ita ce ta hita, mai ɗumama cikin injin kafin ya tashi. Jira ta mutu kafin ka tayar, musamman da hunturu. In injin bai tashi ba cikin daƙiƙa goma, saki makullin, ka huta kamar rabin minti, sannan ka sake. Mai nacewa da murɗa makulli batir yake kashewa.

Da injin ya tashi, fitilar batir da fitilar mai kama da 'yar buta su mutu. Ta butar nan ita ce ta baƙin mai. In ta ƙi mutuwa, kashe motar nan take, kada ka ce bari in kai gareji. Kuma ban da ba ta wuta da sanyin safiya don unguwa ta san ka tashi. Minti ɗaya ko biyu ya isa, sai ka ja a hankali, ta ƙarasa ɗumama a kan hanya.

Haruffan ƙaramar giya

Kusa da babbar giya akwai wata ƙarama, wadda direbobi ke kira ogzilari. A sababbin motoci maɓalli ne da ake murɗawa. Karanta abin da aka rubuta a kai, ka kuma kwafa a littafinka: H2, H4, L4. Wasu kamfanoni lambar suke fara sawa, su rubuta 2H, 4H, 4L. Duk abu ɗaya ne.

H2 na nufin ƙafa biyu na baya ke ja. Wannan ita ce ta kwalta da busasshen burji. H4 ƙafa huɗu ne da gudun da aka saba, don yashi da santsi da taɓo marar zurfi. L4 ƙafa huɗu ne da ƙarfi mai yawa amma gudu kaɗan, don laka mai kauri, da hawan tudu mai duwatsu, da gangara mai tsanani. Ba a shiga L4 mota na tafiya. Tsaya cak, ka taka kuloci, ko ka sa a N, wato firi, in mai sauya giya da kanta ce, sannan ka shigar.

A tsofaffin motoci akwai ƙarin aiki. A tsakiyar kowace tayar gaba akwai wani abin murɗawa da aka rubuta wa FREE da LOCK. Sai ka sauka ka murɗa su duka biyun zuwa LOCK, sannan ƙafafun gaba za su ja. Na ga mutum ya kwashe awa guda yana haƙa, yana rantsuwa motarsa ba ta da ƙarfi, alhali abin nan yana kan FREE.

Ga kuskuren da ya fi tsada: mutum ya fito daga daji ya hau kwalta, ya manta motar a H4. Abin da ke faruwa shi ne, a kwana tayoyin gaba sun fi na baya yin doguwar tafiya. A H4 kuwa an ɗaure gaba da baya wuri ɗaya. A cikin yashi taya kan ɗan zame, sai ƙarfin ya fita. A busasshiyar kwalta babu zamewa, sai ƙarfen ciki ya yi ta murɗuwa har wani abu ya karye. Za ka ji sitiyari ya yi nauyi, tayoyi na kuka a kwana, ƙaramar giyar ta ƙi fita. In ta ƙi, kada ka sa mata ƙarfi. Yi baya a miƙe kamar taku goma, za ta saki. Akwai manyan Land Cruiser da aka ƙera su ja da huɗu kullum, su wannan bai shafe su ba. Littafin motar zai gaya maka irin taka.

Kuma tun kafin ka shiga wurin wuya ake sa ogzilari. In ka bari sai ka kafe, ka makara.

Yashi

Ina yaron mota muka taɓa nutsewa a rairayin yankin Yusufari, da tsakar rana, da buhunan gero a baya. Ni da sauran yara muka zage muna turi, gumi har cikin ido. Maigidana bai ko taka totur ba. Ya leƙo ya ce, "Kai yaro, bar wahalar da kanka. Zo ka rage iska."

Na ce, "Maigida, tayar lafiyarta ƙalau."

Ya ce, "Ka taɓa duban tafin raƙumi?"

Ya ba ni tsinken ashana, na danna bakin bawul, iska na fita yana aunawa da ɗan gejinsa. Da tayoyin suka ɗan baje, muka kwashe yashin da ya taru a gabansu da shebur, ya sa giya ta biyu, motar ta fito kamar ba ita ba.

Iskar tayar irin waɗannan motoci a kwalta takan kama daga 30 zuwa 35 a gejin mai faci. Ainihin lambar tana rubuce a wata 'yar takarda a jikin ƙofar direba, ita za ka bi, ba son ran mai faci ba, don wasunsu sai taya ta yi tauri kamar dutse suke ganin sun yi aiki. A yashi mai laushi ana sauke ta zuwa 18 ko 20. Amma taya mai ƙarancin iska ba ta son gudu, ba ta son kwana mai kaifi, tana iya fita daga rim. Da ka dawo ƙasa mai tauri ka mayar da iskar, in ba haka ba za ta yi zafi ta fashe. Saboda haka wanda ba shi da famfo a mota, kada ya fara ragewa.

Yashi ya fi tauri da sanyin safiya, ya fi laushi da rana tsaka. Riƙe gudu ɗaya, kada ka yi ta canza giya, kada ka taka birki da ƙarfi, saki totur kawai motar za ta tsaya da kanta. In ka ji taya na juyawa a wuri ɗaya, ɗaga ƙafarka nan da nan. Duk ƙarin wutar da ka ba ta, kabari take haƙa wa kanta. Direbobin Agadas masu ratsa hamadar Tenere zuwa Dirku ba sa fita ba shebur da farantan ƙarfe na sawa a ƙarƙashin taya, da ruwan sha fiye da na kwanakin tafiyar, kuma ba sa son tafiya da mota ɗaya.

Laka da ruwa

Baƙar laka irin ta fadama, ko firgin yankin Dikwa da Ngala, da ta sha ruwa sai ta zama sabulu. Sa L4, giya ta biyu, ka bi sawun da wata mota ta bari, ƙafarka a kan totur ba ƙari ba ragi. Manyan yatsunka su kasance a wajen sitiyari, domin in taya ta bugi kututture sitiyarin kan fizge ya karya yatsa.

Ruwa kuwa shi ne mai kisa. Kowace damina sai an ji mota ta tafi da mutane a mashigin rafi, kuma sau da yawa direban ya san wurin sarai, jiya ma ya wuce. Ruwan jiya ba shi ne na yau ba. Tsaya ka sauka. Tambayi mutanen wurin. In ruwan kwance yake, shiga da ƙafa da sanda ka ji zurfinsa da abin da ke ƙasa. In yana gudu har kai kanka ba ka iya tsayawa a ciki, mota ma ba za ta iya ba. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwar babban mutum yana iya ɗaga motar ya juya ta. Fasinjoji za su dame ka, "Direba mu je mana, dare na yi." Ka ce su yi haƙuri. Ruwan kwazazzabo yakan janye cikin 'yan awoyi, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In ka tabbata za a iya, sauke gilasai, ka shiga a hankali da L4, kada ka canza giya a tsakiya. In injin ya mutu a cikin ruwa, kada ka sake tayarwa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ya shiga injin ka murɗa makulli, ƙarafan ciki ne za su lanƙwashe, ka tashi daga gyaran kwana ɗaya ka koma sayen injin. A jawo ta waje. Igiyar ja kuma a ɗaura ta a ƙugiyar da aka yi don haka a jikin shasi, kowa ya matsa nesa, don igiyar da ta tsinke bulala ce. Bayan ka fita ruwa, taka birki sama-sama kana tafiya har ya bushe.

A gangara, ƙaramar giya ce birkinka. Kada ka sa firi, kada ka taka kuloci. Tudu kuma a miƙe ake hawansa, a miƙe ake saukowa. Motar daji doguwa ce, in ka ratsa tudu a karkace tana iya kifewa, balle an lafta mata kaya a rufi. Mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama. Ka ɗaura bel ko da a daji ne, don a can ma mota na wuntsilawa.

Tattalin mai

Tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023, ba sai an yi wa kowa wa'azin tattali ba. A kwalta, wanda ke tafiya a gudun kilomita 80 ko 90 a awa ya fi mai 120 sauran mai a tanki. Taya mai ƙarancin iska na shan mai. Barin mota a H4 ko LOCK ba dalili na shan mai. Haka barin injin na aiki kana cinikin awaki.

Sayi ƙaramin littafi ka ajiye a mota. Cika tanki, ka rubuta lambar kilomita da ke gabanka. Ran da ka sake cikawa, rubuta sabuwar lambar da litar da ta shiga. Misali ka debe tsohuwar lambar daga sabuwar, ka ga ka yi kilomita 400, tanki ya ɗauki lita 40. Raba 400 gida 40, ka sami 10. Wato kowace lita na kai ka kilomita 10. In wata mai zuwa ka ga 7, ga hanya ɗaya ga kaya ɗaya, to akwai magana: ko filta ta toshe, ko wani wuri na yoyo, ko wani na zuƙa.

Kulawa

Motar da ke shan ƙura a juye mata baƙin mai duk kilomita 5,000, tare da filtarsa. Sayi mai na kirki a rufaffen galan, araha ba ta ado. Filtar iska da hunturu a ciro ta duk mako a kakkaɓe. In za a hura, daga ciki zuwa waje ake hurawa, kuma in ta yage a sauya ta, don ƙurar da ta wuce ta injin take ci. Motar gas na da wata filta mai tara ruwan da ya gauraya da mai. In fitilarta ta kama, akwai ɗan abin kwancewa a ƙasanta, a tsiyaye ruwan. Wanda tilas ta sa ya sayi mai a jarka, ya tace da tsumma mai tsabta.

Bayan laka ko ruwa, a wanke ƙarƙashin motar, a sa giris a gaɓoɓinta. Bayan ratsa ciyawa, a cire wadda ta maƙale kusa da salansa, busasshiyar ciyawa da zafin salansa gobara ce. In kuma motarka mai tobo ce, wato na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska, in ka dawo daga doguwar tafiya, bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe.

Aikin gida

Je wurin kowace mota da ke kusa da kai, ka durƙusa gaban taya. Nemi haruffan DOT a gefenta, ka bi layin har ƙarshe. Za ka ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2321, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2021. Roba na tsufa ko da zanenta bai cinye ba, jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ma suna duba wannan lamba a hanya. Kwafo ta tayoyi huɗun a littafinka, ka haɗa da ta safaya, wadda a Hilux take rataye a ƙarƙashin bodi ta baya. Ka zo da su aji mako mai zuwa mu lissafa shekarun kowace.